Gurbin da Aka Cike da Sifili

Shekara ashirin da shida Jan Biro yana riƙe da littafin sakamako na makarantar, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren tarawa ba. Shi ma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Yara ne suka laƙaba masa sunan saboda jan biron da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa, malamai suka ɗauka, har matarsa in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Yana da wata ƙa'ida da ya daɗe yana bi a littafin nan. Yaron da ya zauna jarrabawa bai ci komai ba, sai ya zana masa sifili ƙato, ba tausayi. Wanda kuwa bai zo ba saboda uzuri, sai ya bar gurbinsa fayau, ko ɗigo ba ya sawa. Kafin a fitar da sakamako yakan bi shafukan da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, duk inda ya ci karo da gurbi sai a kira yaron a sake masa jarrabawa. Ba wanda ya rubuta wannan a dokokin makaranta. Haka yake yi kawai, kuma haka kowa ya saba.

Sai aka kawo sabuwar shugaba, ta ce daga bana da kwamfuta za a haɗa sakamako. Ta ƙara da cewa in Malam ya ga abin zai yi masa nauyi, akwai matasan malamai da za su karɓa. Wannan maganar ce ta kai shi ajin koyon rubuta manhaja na ranar Asabar, a wani ɗaki da ke saman shagon masu sayar da fenti. Kwamfuta goma sha biyu ce a ɗakin, da fanka guda mai kukan tsohuwar ƙofa. Duk ɗaliban sa'o'in 'ya'yansa ne. Ya zauna a gaba ya ce gemu ba ya hana ilmi, kafin wani ya riga shi faɗa.

Malamar ajin yarinya ce siririya mai saurin magana. Ita tana ce masa Baba, shi yana ce mata Malama, kowa ya riƙe girman ɗan uwansa. A Asabar ta uku ta tsaya a bayansa ta ce, "Baba, sa ta tambaye ka lamba biyu ta tara maka. Ba ta sittin da saba'in."

Ya danna da yatsu biyu, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kwamfuta ta amsa masa da dubu shida da saba'in.

Ajin ya kwashe da dariya. Jan Biro ya zare tabarau ya goge, ya mayar, amsar tana nan yadda take.

"A makarantarmu wanda ya ba ni wannan amsar sai ya share filin ƙwallo," in ji shi.

"Ba laifinta ba ne, Baba. Abin da ka shigar mata, a wurinta rubutu ne, ba lamba ba. Sittin ɗin nan kamar ka rubuta mata sunan mutum ne. In ka ce ta haɗa rubutu biyu, jera su za ta yi, wannan kusa da wancan. Sai ka fara juya shi ya zama lamba tukuna."

Ta nuna masa wata 'yar kalma mai haruffa uku da ake sa abu a tsakanin bakanta biyu. Ya sa, ya sake dannawa, ɗari da talatin ta fito. Ranar ta cika musu allo da bayani: akwai rubutu, akwai cikakkiyar lamba, akwai lamba mai ɗigo, kuma kowanne da yadda ake juya shi ya koma ɗan uwansa. Ta ce su kula, juyawa takan zubar da wani abu a hanya, don arba'in da tara da ɗigo takwas in aka mai da ita cikakkiya, arba'in da tara take zama, ba hamsin ba. Jan Biro ya rubuta duk a littafinsa. Abin ya burge shi ƙwarai, don shi mutum ne mai son a kira kowane abu da sunansa.

Aikinsa na farko na gaske ya zo a ƙarshen zango. 'Yan aji uku su ɗari da goma sha takwas ne, ajin kimiyya kuwa mutum talatin yake ɗauka, saboda teburan ɗakin gwaje-gwaje goma sha biyar ne, biyu-biyu ake zama. Ana tara makin lissafi da kimiyya da Turanci, a ɗebi talatin na sama. Mai buga takardu ta riga ta kwafe makin daga littafinsa zuwa kwamfutar ofis, yadda ta gan su. Saura shi ya sa manhajarsa ta karanta, ta juya, ta tara, ta jera. A cikin 'yan aji ukun nan akwai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda tun tana ƙarama take farke rediyon gidan don ta ga mai magana a ciki.

Ranar Alhamis da azahar ya zauna a ofis, shugaba ta ce ƙarfe biyu take son takardar. Ya danna, manhaja ta fara aiki, ta kai yaro na goma sha biyu, sai ta tsaya cak ta watso masa jan rubutu layi huɗu. Ya sake dannawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa mutane jan rubutu, yau ga shi ana yi masa. Ya duba layin yaron, ya ga gurbin kimiyya fayau ne. Ya gane matsalar: an ce ta juya rubutu ya zama lamba, ta duba ba ta ga komai ba, ta ce ba za ta iya ba. Ya kuma gane yaron, ɗan wani direba ne da suka tashi daga unguwar tun tsakiyar zango.

Agogo ya nuna biyu saura kwata. Jan Biro ya ɗan yi tunani, ya ƙara layi ɗaya na kansa, ba wanda ya koya masa: in ka tarar da gurbi babu komai, ka sa sifili. Ya danna. Manhaja ta wuce sumul har ƙarshe, ba ja ko ɗaya. Daɗin da ya ji a lokacin, ko ranar da aka ƙara masa girma bai ji irinsa ba. Injin bugawa ya turo takarda, idonsa ya sauka kai tsaye neman suna ɗaya, ya same shi a lamba ta talatin. Auta ta shiga, da ƙyar da jiɓin goshi, amma ta shiga. Daga nan bai ƙara karanta wani suna ba. Ya sa hannu da jan biro, ya kai wa shugaba biyu saura minti uku, yana tafe kamar wanda ya ƙera kwamfutar.

A gida matarsa ta yi ta murna, ta buga wa yayyen Auta waya ɗaya bayan ɗaya. Kafin mako ya zagayo ta kai wa tela farin yadi ya ɗinka rigar ɗakin gwaji, mai aljihu uku. Auta kuwa sai ta yi sanyi. Ta karɓi rigar ta ce an gode, ta sa ta a ƙasan akwati. Abinci sai ta tsakura ta ture. In uban ya shigo falo sai ta tuna tana da wanki.

"Yarinyar nan lafiya kuwa?" matar ta tambaye shi.

"Kunya ce. Ni ta gado, ba ma son a yabe mu."

"Kai ɗin?" ta ce, ta ci gaba da ninke kaya.

Bayan mako biyu, ana gab da komawa sabon aji, wani mutum ya yi sallama a ƙofar ofishinsa. Mai facin taya ne na bakin mahaɗa, wanda ya sha yi wa babur ɗin Jan Biro faci. Ya wanke hannuwansa kafin ya zo, amma baƙin aiki yana nan a layukan tafinsa. Ya ƙi zama a kujera sai da aka matsa masa, sannan ya ɗosana a bakinta.

"Malam, ba ƙara na kawo ba," ya ce. "Tambaya ce, don in san abin da zan gaya wa yarinya. 'Yar wajena, mai tabarau ɗin nan, ƙawar Auta. An yi mata aiki a ciki ranar jarrabawar lissafi. Na aiko da takardar asibiti a hannun 'yarka. Tun da ta warke take jira a kira ta, sai ta ga an kafe sunaye. Ta ce wai an daina sakewa ne yanzu, tunda kwamfuta ce ke yi. Na ce bari dai in ji daga bakinka."

Jan Biro ya tuna takardar sarai. Auta ce ta miƙa masa ita da safe yana ƙoƙarin tayar da babur, ya karanta, ya zo ofis ya jefa ta a aljihun tebur, ya bar gurbin yarinyar fayau da hannunsa, kamar yadda ya saba. Abin da bai yi ba shi ne bin shafin da yatsa, don a ganinsa wannan aikin ya zama na da.

"Ka ba ni kwana biyu in duba," ya ce.

"Allah ya saka da alheri, Malam. In ma ba hali, ba komai. Ita ce dai ta ƙwallafa rai." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Tayar bayan nan taka ta fara cinyewa, ka biyo in duba maka."

Da ya tafi, Jan Biro ya buɗe kwamfuta. Gurbi uku ne fayau a duk jerin. Biyu na yaran da suka bar makarantar ne, na ukun na 'yar mai faci. Tamanin da ɗaya a kimiyya, saba'in da bakwai a Turanci, sifili a lissafi, jimilla ɗari da hamsin da takwas, ta faɗa can ta sittin da wani abu. Auta tana da ɗari da casa'in da takwas. Bai buƙaci kwamfuta ta yi masa wannan ba: in yarinyar ta ci arba'in da ɗaya, Auta ta fita. Ya jawo tsohon littafi ya bi makinta na lissafi tun daga aji ɗaya, yana fatan ya ga inda ta taɓa yin tuntuɓe. Mafi ƙarancin abin da ta taɓa ci saba'in ne.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa aji. Ya nuna wa Malama manhajar, bai faɗi sunan kowa ba, ya ce dai wani maki ya fito ba daidai ba, ko kwamfutar ofis ce ta tsufa. A ransa so yake ta ce haka ne. Mutum in ya yi ɓarna yakan so a samo masa abokin laifi, ko da na ƙarfe ne.

Ta karanta layukan da sauri, ta tsaya a ɗaya. "Wannan waye ya sa?"

"Ni ne. Tsayawa take yi, tana jan rubutu."

Ta cire layin, ta danna. Jan rubutun ya dawo.

"Ai ta gaya maka, Baba. Cewa take yi, nan wurin ba a ba ni komai ba, ban san me zan juya ba, zo ka duba. Sifili lamba ce, tana nufin an auna an ga babu. Gurbi kuwa ba a auna ba ma tukuna. Kai ka ce mata duk ɗaya ne, ita kuma ba ta musu."

Wannan bayanin shi ya yi shekara ashirin da shida yana yi wa sababbin malamai, yau 'yar cikinsa ke karanta masa shi. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido.

"To yaya ake yi?"

"Ka ce mata in ta ga gurbi kada ta juya, ta ware sunan gefe ta nuna maka. Kai ne za ka san abin da ya hana shi zuwa, ita ba ta san kowa ba." Ta dube shi. "An riga an yi aiki da sakamakon ne?"

"An yi."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, suka rubuta layi uku a madadin ɗayan.

Ranar Lahadi ya wuni a tsakar gida yana wanke babur ɗin da bai yi datti ba. Ba wanda ya san zancen. Shugaba ba ta san manhaja ba, mai buga takardu ba ta san dalilin gurbi ba, mai faci kuwa da bakinsa ya ce in ba hali ba komai. Abin da ake buƙata kawai ya ce masa, wallahi tsarin ne ya canza. Mutumin zai yi godiya ma, ya duba masa taya. Jan Biro ya juya maganar nan a ransa ya fi sau goma, kuma ba za a ce bai ji daɗinta ba. Yana son 'yarsa. Yana kuma tsoron fuskar shugaba da ta matasan malaman da aka ce za su iya karɓar aikin. Amma duk sanda ya kai ga shirya yadda zai faɗi ƙaryar, sai ya ga mutumin a ɗosane a bakin kujera, ya kasa ƙarasa jimlar.

Litinin da safe ya shiga ofishin shugaba da takardar asibiti a hannu ɗaya, sabon jeri a ɗayan. Ya yi bayani tiryan-tiryan, bai ɗora wa kwamfuta komai ba. Ta saurara har ya gama, ta dubi lamba ta talatin, ta ɗago.

"Malam, ka san wadda za ta fita?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Ko za a iya ƙara kujera ɗaya?"

"In na ƙara don 'yarka, uban na talatin da biyu zai zo gobe, kuma yana da gaskiya. Ka fi ni sanin wannan."

Ya fi ta sani. Ya roƙi abu ɗaya, a ba wani malami ya shirya tambayoyin da za a sake wa 'yar mai faci ya kuma duba, kada takardar ta bi ta hannunsa. Ranar Laraba da safe yarinyar ta zauna ita kaɗai a ɗakin karatu, tabarau yana zamowa tana tura shi da yatsa. Kafin a tashi an kawo masa makin. Saba'in da huɗu.

Ya ce a dakata da kafe sabon jerin sai gobe. Ya koma gida da la'asar, a hankali, babur ɗin kamar ba ya so. Matarsa ta tafi duba yayarta. Ya tarar da Auta a baranda tana guga, ta jera kayan makaranta a kan kujera. Ya tsaya yana kallon hannunta yana kai da komo. A hanya ya shirya jawabi mai kyau, da misalai, har da yadda ajin fasaha shi ma yake fitar da manyan mutane. Da ya buɗe baki duk ya watse.

"Auta, ajiye dutsen nan, zo ki zauna."

Ta kashe, ta zauna a bakin tabarma, ta sunkuyar da kai.

"Na yi kuskure a sakamako. Ƙawarki ba ta zauna lissafi ba, ya kamata a kira ta, ban kira ta ba. Kwamfuta ta tsaya ta nuna mini gurbin wani yaro, ni kuma ina sauri, na ce ta sa sifili a duk gurbin da ta gani, ban duba ko na su waye ba. Yau an sake mata. Ta ci saba'in da huɗu. Ke kin koma ta talatin da ɗaya. Gobe za a kafe."

Ya jira kuka. Ya shirya masa, har ya zaro hankici ya riƙe. Auta ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da rabonta da yi tun ranar da aka kafe sunaye.

"Kuskure ne, Baba?"

"Kuskure ne. Nawa, ba na kowa ba."

"Ba ka duba sunan ba?"

"Ban duba ba. Naki kawai na nema, da na gan shi na rufe ido."

Sai a lokacin hawayen suka zo, amma fuskarta ba ta mai baƙin ciki ba ce. Ta sa bayan hannu tana sharewa, wasu suna zubowa.

"Ni na kawo maka takardarta," ta ce. "A gabana ka karanta. Da na ga sunana a na talatin, ita babu, na zaci da gangan ka yi. Saboda ni."

Jan Biro ya matso. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, bai ko kakkaɓe wurin ba.

"Mako uku kina ɗauke da wannan?"

Ta gyaɗa kai. "Kullum in ta yi mini magana sai in rasa abin da zan ce mata. Na daina bi ta layinsu."

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"Tsoro nake ji ka ce e."

Ya miƙa mata hankicin. Ta goge fuska, ta ja hanci, ta dubi ƙofar gida.

"Baba, in je gidansu yanzu, kafin rana ta faɗi?"

"Je ki," ya ce. "Ki gaishe da babanta."